Fedar Maƙwabcina Tsawa

Ina tsakiyar ba shi labarin matar mai gyaran firji, na kai daidai inda ta jefo wa mijin takalmansa ta taga, sai na lura maƙwabcina yana gyaɗa kai a inda bai dace ba. Wurin dariya ya yi tsaki, wurin tsaki ya yi murmushi. Ya duƙufa yana goge wuyan jitarsa da tsumma, ni kuwa ina jingine da ƙofa ta gefensa.

Na ce bari in gwada wani abu. Ban rage murya ba, na ce, "Tsawa, kai tsohon banza ne, ga kai kamar ƙwan jimina."

Ya ɗago, ya ga bakina ya tsaya, ya ce, "Ƙwarai kuwa, maƙwabciya. Ai haka mutanen yanzu suke."

Na zagayo na tsaya a gabansa, na nuna kunnena, na buɗe baki sosai na ce, "Tun yaushe?"

Ya bi bakina da ido. Sannan ya ajiye tsumman.

"Shekara biyu. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma yana haɗa kayansa."

"Shekara biyu! To duk labaran da nake kwaso maka fa?"

"Allah ya ba ki lada. Ni ma ya ba ni na haƙuri."

Ga wanda bai san mu ba, shekara talatin bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa. Ni 'yan unguwa Gidan Rediyo suke ce mini, suna zaton ban sani ba. Shi kuwa Tsawa ake kiransa tun yana saurayi, saboda bes yake kaɗawa, jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ƙirji yake riga kunne jin ta. Kullum da yamma in ya fara gwaji, kofunana sai su kama rawa a kan kanta. Da can har ƙararsa na kai wurin mai gidan haya. Amma shekarar da maigidana ya rasu, 'ya'ya suka watse kowa ya koma inda yake, wannan gurnanin na bayan bango shi ya hana shiru ya cinye ni. Ban taɓa gaya masa ba. Ai ni labarin mutane nake bayarwa, ba nawa ba.

Na ce, "To da me kake kiɗan? Da hanci?"

Ya tura mini wani ɗan akwatin ƙarfe da ƙafa. Bai fi sabulun wanki girma ba. Waya ɗaya ta fito daga jitar ta shiga ta dama, wata ta fita ta hagu ta nufi sifika.

"Feda ke nan. 'Yata Auta ce ta sayo mini. Daga ni sai ita muka san zancen, yau ga ki ta uku, Allah ya isa tsakanina da ƙofar nan da ba ta kulluwa. Duba nan."

Ya taka da babban yatsa. Ƙas! Hucin sifikar ya ɗauke, wasu 'yan fitilu suka kama a fuskar akwatin. Ya taɓa tsirkiya ɗaya, ja ya haska ta hagu.

"Kin gani? Ta saki." Ya murɗa kunnen jitar kaɗan, jan ya tsallake dama. "Yanzu ta yi tauri da yawa." Ya dawo da shi a hankali, sai ga kore a tsakiya, ɗas. "Nan ne gidanta. Gani ya kori ji. Kuma duk abin nan mutane ba sa jin komai, don in ka taka sau ɗaya murya take yankewa. In ka gama sai ka sake takawa, ta dawo. Taka ɗaya shiru, taka biyu magana."

"Ikon Allah."

"Da ana yin irinta ta mutane, da tuni unguwa ta ɗaura miki."

Sauran kuwa, ya ce da ido yake bin hannun mai ganga, kuma yakan cire takalmi a kan dandamali, katako ya kawo masa kiɗan ta tafin ƙafa.

Abin dariyar, shekara da shekaru Tsawa yana yi wa Dogo gori saboda yana amfani da irin wannan akwatin. Dogo shi ne mai jita kuma shugaban ƙungiyarsu, tare suka taso. Tsawa yakan ce makaɗin da sai fitila ta gaya masa gaskiya, gara ya koma gadin mahaɗar titi.

Na ce, "Me zai hana ka gaya wa Dogo? Ai ɗan'uwa ne."

"Shi ya sa ba zan gaya masa ba. Saura sati uku mu yi wasan cikar ƙungiyarmu shekara arba'in. Likita ya ce zuciyata ba za ta ƙara ɗaukar wani ba bayansa. In Dogo ya ji, tausayi zai kama shi. Zai samo wani ya riƙe bes, ni kuma a ajiye ni a kujerar gaba da kwalbar lemo, a ce a tafa wa tsoho. Ni a tsaye nake so in gama." Ya kafe ni da ido. "Maƙwabciya, sati uku. Za ki iya?"

Tunda uwata ta haife ni ba wanda ya taɓa ba ni ajiyar magana. Ko zancen kishin ƙasa ake yi a tsakar gida, in na shigo sai a koma zancen zafin rana. Na ce, "Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba."

Ya ce, "Naki fa?"

Wahalar da na sha a sati ukun nan, Allah kaɗai ya sani. Labari irin wannan, sabo fil, ba wanda ya riga ni! Sai na ji shi yana motsi a cikina kamar ɗan wata tara. Na daina zama a bencin mai shago. Matar tela ta biyo ni har ɗaki, ta ce, "Yaya, lafiya kuwa? Kwana huɗu ba mu san abin da ke faruwa a layinmu ba." Na ce haƙori ne. Har kanumfari ta aiko mini, baiwar Allah.

Ranar wasa da ƙarfe huɗu Auta ta zo ta ɗauke ni a mota, ta zaunar da ni a layin farko, daidai saitin babanta. Zauren ya cika maƙil, fankoki suna juya iska mai zafi. Ina zama na duba dandamalin. Siminti ne, an shimfiɗa masa jan kafet. Ba katako ko na asuwaki. Tsawa ya cire takalmi, ya taka, ya sake takawa, ya dube ni, ya ɗage kafaɗa.

Dogo ya hango fedar, ya kama lasifika ya ce, "Jama'a, ku shaida! Yau mai kunnen zinariya ya shigo layin masu gadin titi!"

Aka yi dariya. Tsawa da ya karanci bakinsa ya ce, "Kyautar 'ya ce. Kai da ba a taɓa saya maka ko safa ba, ina za ka sani?"

Waƙa shida suka yi lafiya lau. Zafin fitilu yana sa tsirkiya ta saki, don haka tsakanin kowace waƙa sai su duƙar da kai, shi da Dogo, kowa ya taka tasa, su murɗa cikin shiru, su sake takawa. Ni dai ba kiɗa nake saurare ba, ƙafa nake ƙirgawa. Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu.

Kafin ta ƙarshe ya taka ɗaya. Ya saita huɗun. Sai na ga ya dafe ƙirji, ya lumshe ido, yana jan numfashi ta baki. Mai ganga bai lura ba, ya buga sandunansa, waƙa ta tashi. Tsawa ya sauke hannu ya kama kiɗa.

Bai taka ta biyu ba.

Yatsunsa suna gudu a kan tsirkiya, kafaɗa tana rawa, ido a rufe, amma sifikar bayansa ko tari. 'Yan fitilun nan suna ta wasa a kan yatsun ƙafarsa, ja, kore, ja. Ganga da jita da muryar mawaƙiya sun cika zauren, mutane ba su farga ba tukuna. Dogo dai ya ji an rasa wani abu, ya fara harar mai kula da sauti, shi kuma yana ta murɗe-murɗe yana zufa. Auta ta tafi bayan zaure tana ɗaukar hoto da waya.

Wannan waƙar na san ta kamar yunwar cikina, shekara talatin tana ratso mini bango. Bayan amshi na uku kowa yakan tsaya cak, a bar bes shi kaɗai. In aka kai nan, mutum ɗari uku za su ga tsoho yana kiɗan iska bai sani ba.

An gama amshi na farko. Na ɗaga masa hannu, ido a rufe. Na biyu ya shigo.

Na ce yau ko ni ko gwiwar nan tawa mai ciwo. Na zaro hankici, na miƙe, na fara taka rawa ina nufar matakala. Wani mai tsaron ƙofa ya tare ni, "Mama, ba a hawa."

"Matsa, ɗan nan. Na yi wa ubanka tsarki."

Ban san ubansa ba, amma ya matsa. Matakala uku ne, sai na ji su kamar talatin. Zaure ya ɗauki shewa, ga Gidan Rediyo a dandamali. Na yi juyi ɗaya don masu kallo, na matsa kusa da shi kamar zan share masa zufa. Amshi na uku ya ƙare. Mai ganga ya ɗaga sanduna sama. Na ɗora silifas ɗina a kan akwatin na danna da duk nauyin da Allah ya ba ni.

Wayyo! Sai ka ce sama ta tsage. Ƙarar ta daki bayana har haƙorana suka haɗu. Iskar sifikar ta kaɗa ƙafar wandonsa, ya buɗe ido. Ya dube ni, ya dubi ƙafata, ya gane komai. Hannunsa bai tsaya ba ko na ƙiftawar ido. Mutane suka miƙe tsaye suna ihu. Na share masa goshi, na sauko a hankali kamar matar gwamna.

Bayan an tashi Dogo ya rungume shi yana dukan bayansa. "Tsohon macuci! Ashe shiri kuka yi da tsohuwar nan, ka ɓoye mana murya don ta faɗo kamar aradu? Ka kusa sa in kori mai sauti!"

Na ce, "Sati uku muna gwaji."

Kwana tara ya ƙara a duniya. Ba ya iya tashi, Auta ta ɗauki hutu tana jinyarsa. A rana ta takwas da hantsi na shiga, ya sa ta ba mu wuri. Ya yi nuni in matso inda zai ga bakina.

"Matar mai firji, ta koma?"

"Ta koma. Shi ya je biko da takalman a ƙafarsa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ba ni da gida, ba ni da fili. Amma na bar miki gado. Labarin nan, in na tafi naki ne. Ki baza shi yadda kike so, ki ƙara gishiri."

Na ce, "Ni ce da godiya, maƙwabci." Na so in gaya masa zancen shekarar da maigidana ya rasu, sai bakina ya kama rawa, kuma shi baki mai rawa ba ya karantuwa. Na kama hannunsa kawai. Kan yatsunsa tauri kamar fatar takalmi.

Washegari da rana tsaka ina tsince shinkafa, na ji Auta ta kira ni ta bango, murya ƙasa-ƙasa, "Gwaggo, zo." Na san ko mene ne tun kafin in sami ɗankwalina.

Gadon nan sai da ya shekara a hannuna ban taɓa shi ba, yau ne na fara ci. Ko Dogo ban ba shi ba, ranar da ya zo haɗa kayan kiɗan, bayan masu ta'aziyya sun ɗauke ƙafa. Ya zauna a ƙasa, ya ɗora bes ɗin a cinya, ya daɗe yana juya fedar a hannu. Bai dube ni ba ya ce, "Hajiya, ke da ba abin da ke wuce ki. Kunnensa lafiya kuwa, a ƙarshen nan?"

Maganar ta taso har ta taɓa bayan haƙorana.

Na ce, "Ya fi naka."

Ya gyaɗa kai. Ya ce jitar da za a ajiye ba a barin ta a ɗaure, wuyanta zai lanƙwashe. Ya kama kunnen jitar na farko yana warwarewa, yana taɓa tsirkiyar da babban yatsa. Muryarta tana sauka, tana sauka, har ta kwanta a jikin itacen. Auta ta ɗaga labule don ya ga hannunsa. Ya matsa ga ta biyu.