Gwanin Aska Takwas

Fankar ofishin biza tana ta juyawa, amma gumi bai daina bin bayan Ilu ba. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa taga, ya dawo. Kwana huɗu suka rage wa bizarsa. Tun da wasannin Olamfik suka ƙarato 'yan sandan Guangzhou ke tare baƙi a titin Liuhua Lu suna duba fasfo, wanda bizarsa ta ƙare sai a yi gaba da shi.

"Malam, zauna mana, kana sa ni jiri," in ji Hadi, ɗalibin likitanci ɗan Maraɗi da aka ɗauko ya yi tafinta.

Alhaji Maidaji, wanda ya kawo Ilu daga Zariya wata biyar da suka wuce, ya karkato. "Ka dai ji. Takardar izinin zaman nan ta gwanaye ce, masu aikin da ba wanda ya iya shi a ƙasar. Ka buɗe baki."

Ɗinkin hannu gadon su Ilu ne. A masana'antar da Alhaji ke sarin kaya, zama yake yana ɗinka aska takwas a ƙirjin babbar riga, Madam Lin na gefensa tana shigar da kowace sukar allura cikin kwamfuta don inji ya bi. Ita ma ga ta a kujerar ƙarshe, ta zo shaida.

* * *

Jami'in bizar ya shafa rigar da Ilu ya kawo, ya juya cikinta, ya ɗaga gira. Ya yi tambaya.

"Ya ce, ban da kai, akwai wanda ya iya wannan a masana'antar?" in ji Hadi.

Ilu ya tuna da mahaifinsa. Shekara arba'in Baba yana riƙe da allura, bai taɓa cewa "na iya" ba. In aka yaba masa sai ya ce ana dai koyo. Ga kuma Madam Lin, ta girme shi nesa. Ya dubi idonta ya ce ba ta iya ba?

"Ai ni ɗan koyo ne," ya ce, ya nuna ta da hannu. "Madam ma ta iya. Yanzu ta fi ni sauri."

Hadi ya zuba masa ido. "Haka zan faɗa?"

Bai ma kai ga faɗa ba. Jami'in ya ga hannun, ya juya ya tambayi matar da kansa. Ta gyaɗa kai, ta amsa a hankali.

"Kunya ce!" Alhaji ya miƙe. "Hadi, gaya masa kunya ce irin tamu!"

Hadi ya yi ta bayani har da hannuwa. Jami'in ya saurara, ya rufe bironsa, ya turo fasfon babu hatimi.

* * *

Washegari a sito, Ilu ya zo a shirye ya sha faɗa. Sai ya tarar da Alhaji yana raha da masu ɗaurin kaya.

"Allah bai nufa ba, Ilu. Dama aikin ya kammala. Jibi jirginka."

Ilu ya nuna dilolin rigunan da ake ɗaurewa. "Waɗannan fa?"

"Tashar Nansha za su, a loda a jirgin ruwa. Kafin babbar Sallah suna kasuwar Kwari."

"Su Baba fa, Alhaji?"

"Su Baba me? Wata uku riga ɗaya! Don talaka ya sa aska takwas, laifi ne?"

Ilu ya zaro riga ɗaya daga dila, ya bi ɗinkin da yatsa. A ƙasan aska ta uku zaren ya ɗan karkace. Ya tuna ranar: zazzaɓi yake yi, hannunsa ya goce, ya bari sai ya warke ya warware.

Ya zaro ta biyu. Nan ma ya karkace, a daidai wurin. Ya zaro ta uku.

"Kai, mayar musu," in ji Alhaji. "Mota na jira."