Katin Shekarar 19100

Kada a ɗora wa Ubale abin da bai yi ba, bai taɓa zagin Juliana ba, bai taɓa ƙin gaishe ta ba. Abin da yake ci masa rai ɗaya ne: yadda Dakta Cindo yake ambaton sunanta, baki har kunne, kai ka ce ita ta ƙera kwamfutar da hannunta.

Su biyu ne masu aikin kwamfuta a ofishin wani shiri na rigakafin dabbobi a Gumel, a daminar 1999. Dakta Cindo, likitan dabbobi, shi ne shugaban ofishin. Akwai babbar kwamfuta a ƙurya, an lulluɓe ta da tsohon zane saboda yoyon kwano, ita suke kira uwar garke. Sauran ƙananan guda uku da waya aka jona su da ita. Malaman dabbobi kan dawo a kan babur daga ƙauyuka, su zauna gaban ƙaramar kwamfuta, su buɗe shafi, su cike fom: sunan makiyayi, yawan shanu, ranar allura. Uwar garke ta karɓa ta adana, sannan firinta ta fitar da kati mai ɗauke da ranar da za a dawo da shanun a duba su bayan wata shida.

Shafukan Gumel da Gagarawa na hannun Juliana, na Maigatari da Sule Tankarkar na hannun Ubale. Kuma fa Ubale ba sakarai ba ne. Ɗan makiyaya ne daga wata ruga a gabashin Sule Tankarkar, ya yi kiwo kafin ya yi boko, ya san saniya tun daga kofato har ƙaho. Da farko kowane shafi daban yake rubuta shi, daga sama har ƙasa, da yaren kwamfuta na Perl da suka koyo a kwas ɗin wata uku a Kano. In aka ce a canza wani abu, sai ya bi shafi goma sha ɗaya yana canzawa ɗaya bayan ɗaya, gumi na karyo masa.

Juliana kuwa, 'yar wani tsohon ma'aikacin asibiti ce da ya zo daga Filato tun tana goye, Hausarta ta Gumel tsantsa. Ita sai ta zauna ta tattara duk abin da shafukan suke maimaitawa: kan shafi, duba fom kada a bar gurbi babu komai, hana a rubuta harafi inda ake son lamba, da rubuta kwanan wata. Ta zuba su a fayil ɗaya ta sa masa suna akwati. Kowane shafi layi ɗaya kawai zai rubuta a samansa ya kira akwati, shi ke nan.

"Ka gani ko, Ubale?" in ji Dakta Cindo ranar da ta nuna musu. "Gyara ɗaya, ko'ina ya gyaru. Kai, yarinyar nan akwai kai! Ka mai da naka shafukan su ma su riƙa kiran akwatin Juliana."

Akwatin Juliana. Ubale ya ce to, ya yi murmushin dole. Ya bi umarni, ya sa layin a duk shafukansa. Amma kullum ya buɗe fayil ɗin, abin da zai fara gani a can sama shi ne sunanta da ranar da ta rubuta. Haba! Shi da ya riga ta shiga ofishin da wata bakwai?

Ana cikin haka Dakta ya tara su ya faɗa musu gaskiya. Masu ɗaukar nauyin shirin za su janye a ƙarshen Agusta, kuma mutum ɗaya kawai za a riƙe ya kula da uwar garke. Zai duba yadda aikin rigakafin Yuli ya tafi, sannan ya zaɓa. Daga ranar Ubale ya daina jin ɗanɗanon tuwo. Duk rugarsu shi kaɗai ne mai aikin ofis, kuma mahaifinsa, Malam Dogo, ba ya shiga kasuwa ya fito bai gaya wa mutum uku cewa ɗansa ne ke sarrafa injin likita ba.

Sai wata dabara ta faɗo masa. Wata Asabar da Juliana ta tafi koyon waƙar coci, ya kwafe akwatin gaba ɗaya, ya goge sunanta, ya rubuta nasa, ya raɗa wa kwafin suna jaka. Ya bi shafukansa goma sha ɗaya ya canza layin sama, suka koma kiran jaka. Tsakani da Allah ya ƙara abin kirki a ciki, wannan ba za a hana shi ba: ya sa gurbin launin saniya da irin tsagar kunnenta, abin da Juliana ba ta taɓa tunani ba. Niyyarsa ya yi shiru, sai ranar zaɓe ya buɗe wa Dakta ya ce ga nasa, har ya fi nata. Bai gaya wa kowa ba.

Ranar Litinin ta farkon Yuli, Juliana ta juyo da kujerarta.

"Malam Ubale, na kama wani kuskure a akwati. Ka san injin ba ya ba mu shekara cikakkiya, daga 1900 yake ƙirgowa, sai ya ce casa'in da tara. Ni kuma na liƙa goma sha tara a gabanta. To in shekarar 2000 ta zo, ɗari zai ce. Na gyara, yanzu tarawa yake yi, ba liƙawa ba."

"Sannu da ƙoƙari," in ji Ubale, bai ko ɗago ba.

"Kai ba sai ka taɓa komai ba, tunda shafukanka akwati suke kira. Ko ba haka ba?"

Nan ne fa ya kamata ya buɗe baki. Amma Dakta yana tsaye a bakin ƙofa yana gyaɗa kai, yana wannan murmushin nasa. Ubale ya ce, "Haka ne."

A ransa kuwa cewa ya yi, ji iyayi! Shekarar 2000 da sauran wata shida, ita har ta fara neman yabo da ita. Kafin lokacin an yi zaɓe an gama, sai ya gyara jakarsa a nutse. Haushi ya rufe masa ido har bai tsaya ya lissafa abin da ko makiyayi zai lissafa da yatsu ba: saniyar da aka yi wa allura a Yuli, a Janairu za a dawo da ita.

Aka yi rigakafi mako guda cur, ruwa na dukan malamai a kan babura. Ranar Laraba firinta ta wuni tana kuka, katunan Maigatari da Sule Tankarkar wajen ɗari huɗu suka fito. Ubale ya duba sunaye, ya duba launin shanu da tsagar kunne, ya ji daɗi har ya yi fito. Ƙasan katin bai kalla ba. Aka ɗaure su da roba, ranar Alhamis aka raba su a karar dabbobi ta Maigatari, inda makiyayan gida da na Nijar ke haɗuwa ranar kasuwa.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga Malam Dogo da kansa a ofis, malafa a ka, sanda a kafaɗa, da ƙwaryar nono da matarsa Goggo Sabuwa ta ba shi ya kawo wa Juliana, kamar yadda ta saba aiko mata. Ubale ya durƙusa ya gaishe shi. Juliana ta taso ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu.

"Sannu da hanya, Baba. Ya Goggo?"

"Lafiya lau, 'yata, tana gaishe ki." Tsohon ya zauna a benci, ya laluba aljihu ya zaro kati, ya miƙa wa Dakta. "Likita, tambaya na zo yi. Jiya na ba wani dillali ya karanta mini ranar dawowa, sai ya kama dariya har yana riƙe ciki. Ya tara mutane. Wai an ce in dawo da shanuna bayan shekara dubu goma sha bakwai. Na ce masa ƙarya yake yi, ɗana ne ya buga katin nan."

Dakta ya gyara tabarau. A ƙasan katin an rubuta 12 ga Janairu, 19100.

Nan take Ubale ya tuna da jakarsa da bai gyara ba.

"Duka ɗari huɗun haka suke?" Dakta ya tambaya, muryarsa ta canza. Ya juya wajen Juliana. "Ba ke kika ce kin gyara ba? A gabana kika ce gyara ɗaya ya wadatar, a gabana Ubale ya ce shafukansa akwatinki suke kira. Yanzu an mai da mu abin dariya a kasuwa, har mutanen Nijar sun tafi da labari. Wa zai sake kawo mana saniya?"

"Bari in duba, Dakta," in ji ta.

Ta zauna a kujerar Ubale, ta buɗe shafin Maigatari. Ba ta yi nisa ba, ai layin farko ne. Ta buɗe jaka, ta ga rubutunta tsaf, har da wata kalma da ta taɓa kuskuren rubutawa, ga sunan Ubale zaune a sama. Ubale yana tsaye a bayanta, yana ganin yadda wuyanta ya sandare. Ya jira ta juyo. Wallahi da ta juyo ta tona shi, da ya fi masa sauƙi.

Ba ta juyo wajensa ba. Benci ta kalla, inda tsohon yake zaune ya dogara haɓa a kan sanda, yana kallon ɗansa da cikakken yarda, yana jira a tabbatar masa dillali ne maƙaryaci.

"Na gani," Juliana ta ce a hankali. "Gyaran bai kai shafukan nan ba. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya na gwada, da na kama. Ban yi ba. A yi haƙuri, Dakta, yau ɗin nan za a sake bugawa."

Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, shi ne abin da ya fi ƙona shi. Ta bi shafi goma sha ɗaya ta mai da layin sama yadda yake a da. Kafin ta rufe jaka, ta kwashe gurbin launi da tsagar kunne ta zuba a akwati, ta rubuta sunan Ubale a gefensu. Aka buga katin Malam Dogo, ya fito da 2000 ɓaro-ɓaro.

Bayan an sauko daga masallaci, Ubale ya tare ta a bayan ofis inda janareta yake.

"Me ya sa?" Abin da ya iya cewa ke nan.

"A gaban mahaifinka?" Ta kalle shi sama da ƙasa. "Ni ma ina da uba, Malam Ubale. Dakta yana nan, ofishinsa ba a kulle yake ba. In kana da magana, ka san hanya."

Ya san hanya kuwa. Ranar Litinin ya je har bakin ƙofa, ya tarar da baƙi, ya ce sai gobe. Ranar Talata Dakta ya tafi Gagarawa. Ranar Laraba ya shiga, ya zauna, ya buɗe baki, sai Dakta ya riga shi, ya hau yaba masa gurbin tsagar kunne, wai makiyaya sun ji daɗinsa ƙwarai, wai irin wannan sai ɗan gida. Yau ga shi Dakta yana ambaton sunansa baki har kunne, abin da ya shekara yana nema. Ubale ya haɗiye maganarsa ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe."

Kuma ko a lokacin kishin bai sake shi ba. Da can basirarta yake wa kishi. Yanzu ya koma kishin yadda take shigowa da safe ta ajiye jakarta ta hannu, ta gaishe da kowa, ta kalli kowa ido cikin ido. Shi ko mai gadi ba ya iya haɗa ido da shi.

A ƙarshen Agusta Dakta ya kira su. Ya ce su duka sun iya aiki, amma abin da ya faru a Maigatari ba ƙarami ba ne, uwar garke tana bukatar mai lura. Ubale aka riƙe. Juliana ta ce Allah ya sa alheri, ta rubuta masa kalmar sirrin injin a 'yar takarda, ta nuna masa inda take ajiye faifan kwafi. Bayan kwana uku ta hau motar Kano da akwatin ƙarfe ɗaya, za ta je neman aiki.

Ranar kasuwar Sule Tankarkar Ubale ya je gida ya kai labari. Goggo Sabuwa ta rangaɗa guɗa, aka dama fura. Malam Dogo ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin aduwa, ya zaro sabon katin nan daga aljihu yana shafawa, don tun ranar bai rabu da shi ba.

"Na gaya wa dillalin nan," in ji shi, "na ce kuskuren ba na ɗana ba ne, ga shi likita ma ya shaida." Ya girgiza kai. "Amma yarinyar nan ta ba ni tausayi, Ubale. Mutuniyar kirki ce, ga ladabi, aikin ne dai bai zauna mata ba. Kai da Allah ya ba ka, me ya hana ka koya mata?"

Ubale ya kalli ƙwaryar furar da ke hannunsa. Ya ce, "Haka ne, Baffa," ya ajiye ta bai sha ba.