Kurciyar da Aka Ce An Yi wa Isa Wanzami

A bakin rijiya maganar ta fara, kafin la'asar ta zaga Ɗansoshiya kaf: wai kurciya aka yi wa Isa wanzami. In ba asiri ba, me zai sa mutum mai shekara arba'in da uku, da furfura a gemu, ya rataye zabirar da ya gada kaka da kakanni, ya bar gidajen da yake yi wa aski, ya tafi Zariya wai makarantar koyon aikin asibiti? Har an san wanda ya yi aikin. Sale ne, ɗaya wanzamin garin, tunda shi gidajen suka koma wa.

Saude, yayar Isa, ta sha jin maganar, amma ba ta shige ta ba. Ita dai a saninta, wanda aka yi wa kurciya fita yake yi kamar an kira shi, ko takalmi ba ya nema. Shi kuwa Isa sai da ya yi wa rumbunsa sabuwar jinka, ya kai iyalinsa gidan surukansa a Bebeji, ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya ya yi musu sallama. Kafin nan ma ya shekara biyu a ajin Yaƙi da Jahilci yana koyon boko, ya ƙara shekara guda yana wanke gyambo a ɗakin shan magani na Kiru, har hukumar En'e ta tura shi kwas. Wace irin kurciya ce mai haƙurin shekara uku?

Sai dai ko da kurciya ko babu, tana bukatarsa a gida. 'Yarta Luba na da cikin wata bakwai. Ɗan Luba na fari ya koma bayan suna da 'yan kwanaki, aka ce iska ce ta taɓa shi. Kuma tun da aka kafa gidansu, askar bare ba ta taɓa hawa kan jaririnsu ba.

Ranar kasuwa ta sami Sale a gindin tsamiya yana yi wa wani bafillace aski.

"Sale, an ce kai ka kore min ƙane."

"Iya, ni da ko kazar gidana ba na iya kamawa, ina zan kama kurciya?" Ya goge askar a tafin hannunsa. "Wallahi da ƙafarsa ya zo har zaurena ya ce in riƙe masa gidajen. Na ce ina za ka, ya ce makaranta. Na yi dariya har na ƙware."

Ta yarda da shi rabi da rabi. Duk da haka ta bi ta wurin limamin unguwa ta karɓi rubutun karya sammu a 'yar kwalba, don kada a ce ba ta yi komai ba. Kashegari ta taka zuwa bakin titi, ta hau motar gyaɗa mai zuwa Zariya.

Da hantsi ta isa makarantar. Mai gadi ya nuna mata wani dogon ɗaki, ta leƙa ta taga. Samari ne kusan ashirin a kan benci, duk sa'annin Luba. Can baya ta hango ƙanenta cikin farar riga da gajeren wando, ƙaurinsa a waje, ya duƙa kan littafi yana riƙe da fensir kamar zai yi masa kaciya. Malamin, wanda a haife Isa ya haife shi, ya kira shi gaban allo. Ya rubuta wata kalmar Turanci, malamin ya goge, ya sake rubutawa, aka sake gogewa. Aji ya kwashe da dariya, wani ya ce, "Baba Wanzam, yau ma hannu ya goce." Isa ya yi murmushi ya koma mazauninsa. Saude ta ji kunya ta rufe ta. Mutumin da in ya shiga gida ranar suna ake shimfiɗa masa sabuwar tabarma!

Da aka tashi ya fito ya gan ta. Ya rusuna har ƙasa.

"Yaya? Lafiya dai?"

"Lafiyar ke nan, na zo ganin ƙaurinka. Ashe haka yake."

Suka zauna a inuwar wani mangwaro. Bayan gaisuwa ta miƙa masa kwalbar. Ya yi bisimilla ya shanye tas, ya jira kaɗan, sannan ya ce, "To, ga shi na sha. Har yanzu ban ji ina son tafiya gida ba."

"Ba wasa ya kawo ni ba, Isa. Luba ta kusa. Wa zai yi wa abin da za ta haifa aski? Wa zai cire masa beli? Ka bar sana'ar ubanmu ka zo yara suna yi maka dariya a kan allo."

"Dariyar ba ta dame ni ba. In an zo ɗaurin rauni, ni suke zagayewa su kalli hannuna." Ya murza bakin kwalbar. "Yaya, kin tuna ranar sunan ɗan Luba?"

"Ni zan manta? Ni na riƙe maka shi."

"Kin tuna inda muka zauna?"

"Tsakar gida, kusa da turken awaki, saboda inuwa."

"Ina cikin shiri askar beli ta suɓuce min ta faɗi ƙasa."

Ta tuna. Har tsokanarsa ta yi, ta ce, Wanzam, tsufa ya fara ke nan? Mata suka yi dariya. Ya ɗauki askar, ya goge ta a gefen rigarsa, ya ce ta buɗe bakin yaron.

"Kwana biyar bayan nan ya ƙi kama nono," in ji Isa. "Muƙamuƙinsa ya ɗaure, jikinsa ya sandare, bayansa ya lanƙwashe. Kuka ce iska. Ni ma na ce iska. Amma ba shi ne na farko da na gani haka ba, kuma duk bayan na yi musu aiki ne. Abin ya tsaya min a rai. Na je na tambayi malamin asibitin Kiru, ban faɗa masa ɗan waye ba. Ya ce ciwo ne sananne, ƙwayarsa a ƙasa take zama, musamman inda dabbobi suke kashi, ta rauni take shiga. Ya nuna min tukunyar da yake dafa kayan aikinsa kafin ya taɓa kowa. Shekara ashirin da biyar ina wannan sana'a, Yaya, ban taɓa dafa aska ba. Baba ma bai taɓa ba."

"Baba ya yi wa garin nan gaba ɗaya aiki, ga su nan da ransu."

"Waɗanda suka rayu suna nan. Sauran kuwa iska muka ɗora wa."

Ta so ta ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne kuma, kwana ne ya ƙare. Amma ta ga askar nan a ƙasa da idonta, da ɗan danshin wurin, da yadda ta sa yatsanta ta danne haɓar yaron.

"Me ya hana ka faɗa?"

"In kalli Luba in ce mata me? Na ce bari in koyi abin da ya kamata tukuna, in dawo da shi a hannu. Sai baɗi bayan kaka zan gama. Ba zan riski haihuwar ba." Ya ɗago kai. "Ki kira Sale. Aski kawai zai yi, kuma ki dafa askar da kanki. Beli kuwa a bar masa abinsa, a nan na ga yara da yawa da nasu, suna haɗiyar tuwo lafiya lau."

Ta komo a bayan wata mota, bisa buhuna. Da ta iso gida mata suka yi ta tambaya, ta ce ta same shi lafiya yana gaishe su. Aka ce ai kuwa kurciyar ta kama da kyau, tunda ko rubutu bai karya ta ba.

Luba ta sauka da kaka, ta sami mace. Ranar suna da sassafe Sale ya shigo da zabirarsa, ya tarar Saude ta sa an shimfiɗa tabarma a rumfa, nesa da turke, ga 'yar tukunya tana tafasa a murhu.

"Kawo askar," ta ce.

"Iya, miya za a yi da ita?"

"Kawo dai."

Ta jefa ta cikin ruwan, ta tsaya a kai har sai da ta gamsu, ta tsamo ta da ludayi. Sale ya aske jaririyar tsaf. Da ya kai hannu zabira zai zaro askar beli, Saude ta janye yarinyar ta rungume.

"Ban da wannan."

Uwar mijin Luba ta taso daga bakin ɗaki. "Haba, Saude! A bar min jika da beli? Ko kurciyar ƙanen naki ce ta shafe ki?"

Luba na zaune a gefe cikin sabon zane, tana kallon uwarta. Saude ta juya gare ta, da ita ta yi maganar, amma kowa ya ji.

"Ba wanda ya yi wa Isa kurciya. Da ƙafarsa ya tafi. Askarsa ce ta faɗi a turken awaki ranar sunan ɗanki na fari, ya goge a riga ya sa masa a baki, ita ce sanadin yaron. Ni ce kuma na riƙe masa shi."