Idon Kamfani a Kan Ɗorawar Kulu

Ranar da mutanen wani kamfanin siminti suka zo ƙauyenmu suna rabon korayen huluna, na san za a yi abin kunya. Jami'insu ya ce su da sauran manyan kamfanoni sun goyi bayan dokar sauyin yanayi. Bayan Babbar Sallah, duk wanda ya sare itace sai gaban alƙali. Tilas ce, ba roƙo ba.

Haba! Ka faɗa wa mutanenmu ranar da za a hana abu? Kafin motarsu ta kai Makoɗa, kowane magidanci yana wasa gatari.

Maƙwabcina Isyaku ya sa wa ɗorawar gonarsa ido. Da kalwarta kuwa matarsa Kulu take yin daddawa, da daddawar take tufatar da 'ya'ya.

"Malam, ka bar min ɗorawar nan," in ji Kulu.

"Gobe zan kayar da ita, kafin ta zama ta gwamnati."

Da la'asar Kulu ta ɗauki gorar da take kaɗo ɗorawa, ta saƙala matacciyar wayarta can a reshen sama, ta kifa mata hular kamfani.

Da safe Isyaku ya je da gatari, ya ɗaga kai, ya ga gilashi yana ƙyalli. Ya dawo gida a guje.

"Au, ba ka sani ba?" in ji Kulu. "Idon kamfani ne. Daga Legas suke kallo."

Wallahi sai da na riƙe ciki don dariya. Mutumin da ko dagaci ba ya rusuna wa, kullum in zai wuce sai ya gyara hula ya ce wa reshe, "Barka da aiki, ranka ya daɗe."

Bayan Sallah kamfanin ya dawo da masu hoto. Gonaki fetal, sai kututture, abin da har yau yake ƙona min rai. Ɗorawar Kulu kaɗai ke tsaye. Aka tsayar da Isyaku a gindinta, aka tafa masa. Sai ya matsa ya raɗa wa jami'in, "Yallaɓai, yaushe za ku cire idon naku?"

"Wane ido?"

Isyaku ya waiwayo a hankali. Kulu ta gyara mayafi ta ce, "Malam, doka ta fara aiki tun shekaranjiya."