Bene a Kan Ɗakin Inna

Yaya Lurwanu ya dawo Gwarzo da takarda a naɗe a hammata, ya ce gidanmu ya yi kaɗan. Wannan gaskiya ne, ba na musu. Ɗaki uku Baba ya bar mana, duk sallah in Yaya ya zo daga Abuja da matarsa da 'ya'yansa biyar, har a soro ake shimfiɗa. Amma a bayan gidan akwai fili, tun daga bakin rijiya har katangar maƙwabta, babu abin da ke cikinsa sai tafasa da kajin mutane.

Malam Baƙo magini, wanda ya san gidan tun yana na ƙasa, ya auna filin da ƙafa ya ce, "Alhaji, nan za mu miƙa. Ɗaki huɗu zai ci har da kicin. Wata biyu mun rufa kwano, kuma ba wanda zai tashi daga ɗakinsa."

Yaya ya dube shi kamar ya ce a gina masa akurki. "A baya? Malam Baƙo, wa zai gani a baya? Bene nake so. Wanda ya taso daga Kabo, tun bai shigo gari ba ya hango shi."

Dalilin ke nan, babu wani. Mutumin da ba ya kwana goma a garin nan cikin shekara, shi ne yake so direbobin tasha su riƙa kwatance da gidansa.

Ya warware takardar a kan mota. Wani injiniya ne ya zana masa, wanda bai taɓa taka Gwarzo ba. Ɗakin Yaya da banɗakinsa sun faɗo daidai kan ɗakin Inna, don shi ne yake kallon titi. Malam Baƙo ya daɗe yana duban wurin, sannan ya rage murya.

"Alhaji, Hajiya ce fa a ƙasan nan. Kai a sama, ana yawo da takalmi, ga banɗaki..."

"Dekin ne na kankare a tsakani, inci shida, da rodi. Ku dai ba kwa rabuwa da tsohon tunani."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ya nemi izini. Yaya ɗan fari ne. Tun da Inna ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta kallon idonsa, ba ta mayar masa da magana sai amsa gaisuwa. In tana da saƙo, ni take gaya wa, ta ce, "Ki ce wa wancan." Ya san haka sarai, a ciki ya girma. Sai ya je ƙofar ɗakinta ya durƙusa, har da cire hula, ya ce, "Inna, za mu ɗora bene a nan, in ba ki da ta cewa."

Inna ta ci gaba da tsinkar zogalenta, kanta a ƙasa. Ya ɗan jira, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya juyo wajenmu. "Kun dai gani, ba ta ce komai ba."

Na bi shi har soro. Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Yaushe Inna ta taɓa ce maka komai?"

"Sa'ada, me kika sani a gini? In tana da magana ai da ta yi."

Da na koma, Inna ta ajiye tiren zogalen. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Shekara arba'in da shida ina kwana a ɗakin nan. A nan na haife shi. Na goya shi a baya, ban san zan ɗauke shi a ka ba." Na ce in gaya masa? Ta ce a'a, wanda sai an gaya masa wannan, ko an gaya masa ba zai ji ba.

Da za a yaye kwanon ɗakinta, aka ce ta je Dugabau wajen ƙanenta Kawu Zubair har a gama. Malam Baƙo ya ƙi aikin, ya ce ciwon baya yake, aka kawo wasu daga Kano. Wata tara suna yi. Benen ya tashi, fenti ruwan ƙwai, gilashi mai duhu, da baranda da za a tsaya a ɗaga wa mutane hannu.

Ranar walima aka kafa rumfa, aka yanka sa, sai a lokacin Yaya ya ba ni mota in ɗauko Inna, don baƙinsa suna so su gaida Hajiya. Na same ta a wani ɗan ɗakin ƙasa da Kawu ya gina mata kusa da rumbu, ta jera kwanukanta, ta kafa gadonta, har ta shuka rama a ƙofa. Na san ba za ta shiga motar nan ba tun kafin in buɗe baki. Ta ba ni saƙo, na taho.

Ina fitowa daga mota na hango shi a baranda cikin babbar riga, manyan baƙi kewaye da shi. Bai sauko ba. Daga can ya leƙo ya ce, "Sa'ada, ina Inna?"

Tun da daga sama ya tambaya, ni ma na ɗaga murya yadda har na cikin rumfa za su ji.

"Ta ce in gaya wa wancan ya taka yadda yake so. Yanzu babu kowa a ƙarƙashinsa."