Ƙafar Zinare ta Baba Giɗado

Maliki taubashina ne, saboda haka ba zan rage masa komai ba. Mutum ne mai baki a kasuwar Illo, in ana cinikin albasa tun daga tasha kana jin muryarsa. Amma da an ce ga surukinsa Baba Giɗado nan tafe daga Bahindi, sai ka ga ƙato ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, yana gaisuwa ƙasa-ƙasa. Shekara uku da ya auri Dela 'yar tsohon, bai taɓa haɗa ido da shi ba.

Baba Giɗado yana da wani mashin da ɗansa ya sayo masa daga Kwatano. Abin da ya yi wa mashin ɗin suna shi ne shokar gaba, wato ƙarafan nan biyu da ke riƙe da tayar gaba. Ta kowa fara ce ko baƙa, tasa kuwa ruwan zinare. Duk yankin Bagudo Ƙafar Zinare ake kiran mashin ɗin, kuma tsohon ba ya ba kowa aronsa.

Ana cikin damina mashin ɗin Maliki ya tsaya cik, ga albasa buhu biyu tana jiran kasuwar tsallaken iyaka. Ba shi ya roƙi aron Ƙafar Zinare ba, ina ya ga bakin? Dela ce ta yi wa mahaifinta waya, tsohon ya aiko da mashin da makulli. Maliki ya kai albasa ƙasar Benin lafiya, ya ɗoro buhun gishiri a kan tanki, ruwan sama ya kama shi a hanya. Da ya iso gida sai ya jingine mashin a zaure, ya shiga hidimar gona kwana huɗu.

Ruwan gishirin nan ashe ya bi shoka ya gangara. Duk inda tsakuwar hanya ta taɓa ƙwarzanewa, ya ci wurin, ya bar fari-farin tabo kamar makero a fuskar yaro.

To Dela 'yar gidan tsafta ce. Marigayiya mahaifiyarta ta koya mata cewa in ka ari tukunya, ba ka mayar da ita yadda ka karɓa, sai ta fi haka haske. Da safe Maliki yana gona, ta ga tabon, ta ɗebo toka da lallausan yashin kogi da jiƙaƙƙiyar tsamiya da soson waya, ta zauna a kujerar tsugunno ta kama ƙafar shokar ta hagu. Tabo ya fita. Ruwan zinare ma ya bi shi. Ita kuwa da ta ga fari yana ɓullowa daga ƙasa, sai ta ɗauka dattin ne ke fita, ta ƙara ƙaimi.

Ina nan lokacin da Maliki ya dawo. Ƙafar dama zinare, ƙafar hagu fara fes. Fartanya ta faɗi daga kafaɗarsa.

"Dela, mi kika yi haka?"

"Wanki ni yi. Ko so kake a maida ma Baba kayanai da dauɗa?"

"Ina zinaren?"

Ta dubi soso, ta dubi ruwan da ke cikin kwano, wanda ya koma rawaya. Ta ce a hankali, "Ga shi nan cikin kwano."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Maliki bai yi ba, kuma gaskiya daga baya ya ba ni tausayi. Karo na farko ke nan da surukinsa ya amince masa da wani abu, kuma jibi ne ranar mayarwa.

Muka tura mashin wurin Bunyaminu bakanike, Dela na biye da mu da mayafinta, don ta ce ita ta ɓata, da ita za a gyara. Bunyaminu ya shafa ƙafar hagu, ya yi fito.

"Wanga ba fenti ba ne," in ji shi. "Can kamfani da wutar lantarki anka rina fatar ƙarfen. In ta tafi, ta tafi ke nan. Ko Birnin Kabi kunka je babu mai maido ta."

"To mi za mu yi?" in ji Maliki.

"Hanya biyu. In fesa mata fenti ruwan zinare, daga nesa ba mai ganewa. Amma wata guda shina ɓarewa. Ko kuma mu cire na dama shi ma, mu goge su duka su yi haske."

Na ba Maliki shawarar fenti, ba zan ɓoye ba. Na ce kafin ya ɓare an mayar da mashin, sai a ɗora wa rana laifi. Maliki ya murza hula a hannu. Can ya ce shi tsoron tsohon yake ji, amma bai kai ya yi masa ƙarya da gwangwanin fenti ba. A goge.

Bunyaminu ya kwance tayar, ya zare ƙafafun biyu. Ya fara da sanfefa mai kaushi yana tsoma ta a ruwa, ya cinye rinin da ramukan da gishiri ya haƙa, sannan ya koma mai laushi, sannan wadda ta fi ta laushi. Tsaye yake gugarsa, daga sama zuwa ƙasa. Da ya gama da ta dama ya shafa man goge ƙarfe, ya bi da tsumma, sai ga ta tana ɗaukar ido. Ya miƙa hannu zai ɗauki ta hagu, Dela ta riga shi.

"Bar min wagga. Ni na fara ta."

"Ba tukunyar tuwo ba ce, uwar gida."

"Da tukunyar da wannan duk ƙarfe guda ne, na ji shi a hannuna."

Bunyaminu ya sakar mata ƙafar, don gaskiya ta faɗa. Ta ƙi sanfefarsa ta ƙarshe, ta kwance ƙullin tokarta mai laushi. Ita ba tsaye take guga ba, zagaye take yi ƙanana-ƙanana da babban yatsa, ɗaya na hawa kan ɗaya. Har la'asar tana abu guda. Da aka mayar da ƙafafun, Bunyaminu ya gargaɗe mu cewa yanzu ƙarfen tsirara yake, in ba a bi shi da guga da ɗan mai duk mako ba, zai dushe.

Ranar mayarwa na raka su Bahindi, don ba a ba ni labarin irin wannan. Baba Giɗado yana zaune a tabarma a ƙofar gida. Maliki ya kashe mashin tun daga bakin masallaci, ya turo shi da hannu ba takalmi, ya durƙusa. Bayan gaisuwa ya soma bayani yana kallon ƙasa, ya ce gishirinsa ne, sakacinsa ne, ya faɗi gargaɗin bakanike na guga duk mako, bai ambaci sunan Dela ko sau ɗaya ba.

Tsohon ya saurare shi har ƙarshe. Ya tashi ya zagaya mashin. Ya shafa ƙafar dama ya ce, "Wanga aikin bakanike ne." Ya koma ta hagu, ya sunkuya, ya karkata kai yadda rana za ta bugi ƙarfen. Ya daɗe a haka, yana bin ƙananan zagayen nan da yatsa.

"Wagga kuwa hannun Hamdiyya ne," in ji shi.

Hamdiyya ita ce mahaifiyar Dela, shekara biyar ke nan da rasuwarta. Dela ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni da na zo dariya sai na sunkuyar da kai.

"Tun da ta tafi ban ƙara ganin ƙarfe ya yi haka cikin gidan ga ba," in ji tsohon. Ya miƙe, ya share ido da bakin rawani kamar wani abu ne ya faɗa masa. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya kira surukinsa da sunansa.

"Maliki, kai da kanka ka ce in ba a goge ba duk mako shina dushewa?"

"Haka bakanike ya ce, Baba."

"To ni ban iya ba. Ka riƙe makullin. Duk Juma'a ka ɗauko Dela bisa mashin ɗin ku zo, ta goge shi nan gabana." Ya juya wajen 'yarsa. "Ki taho da tokarki da yawa. Butar shayina ta yi baƙi."