Garken Hagu

Tumakin da aka kawo cibiyar binciken duk an sa musu ciwon huhu, sannan aka raba su gida biyu. Na garken dama ana yi musu allurar sabon magani, na hagu kuwa ruwan gishiri kawai. Haka masu ɗaukar nauyin aikin suka gindaya, don a ga bambanci. Likitar dabbobin cibiyar ce ke yi wa kowane garke allura da hannunta.

Bambancin bai ɓuya ba. Na dama suka miƙe har suna tunkuyi wajen cin dusa. Na hagu sai tari da majina. A cikinsu akwai wata tsohuwar tunkiya da ma'aikata suka laƙaba wa Gwaggo, don ko an cika mata kwano sai ta yi mita. Yanzu ko kuka ba ta iyawa.

Likita ta sami Farfesa, shugaban binciken, a ofishinsa.

"Ranka ya daɗe, maganin nan ya yi aiki, ko makaho ya shafa ya ji. Ga shi nan cike da firij. A bar ni in yi wa na hagu."

Farfesa ya cire tabarau ya murza idanu. "'Yata, kina tsammanin ba na jin tarin nan ta taga? In kika taɓa su kafin wa'adi, masu aikin za su ce bincike ya ɓaci. Maganin ba zai fita ba, waɗanda suka mutu kuma sun mutu a banza."

"Ko Gwaggo kaɗai?"

"Ko ita."

Ta koma garke ta durƙusa, ta goge wa Gwaggo hanci, ta ɗiga mata ruwa a baki. Sannan ta yi mata allurar ruwan gishirin kamar kullum. Kafin mako ya ƙare tunkiyar ta mutu, kuma Likita ce ta feɗe ta, ta auna huhun.

Da wa'adi ya cika, Farfesa ya tara ma'aikata ya yi musu albishir: sakamako ya burge masu aikin, sun ce a maimaita da garke mafi girma. Aka yi tafi. A gida ma maigidan Likita ya ce mata, "Barka, ashe ba za a sallame ku ba."

Ranar da motar sababbin tumaki ta iso, direban ya sauko da ta farko, wata 'yar fara mai ƙiriniya, tana ta shinshinar rigar Likita.

"Likita, ina zan kai wannan?"

Ta daɗe tana kallon ƙofofin garken dama da na hagu, har direban ya sake tambaya.

"Hagu," ta ce.